Tambaya da Amsa: Me ya sa na'urorina ke musayar suna a Linux?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi mai aiki da Linux. Na jona mata igiyoyin USB biyu, ɗaya ta mitar wuta, ɗaya ta GPS. Yau mitar ta fito da sunan ttyUSB0, gobe in na sake kunnawa sai in tarar GPS ce ta karɓe sunan, manhajar da na rubuta ta yi ta karanto shirme. Sannan da na loda wani direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) da na samo, na ga wani layi a dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin Linux, yana cewa "sysfs: cannot create duplicate filename". Shin matsala ɗaya ce?
Daga wani ɗalibin injiniya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala biyu ce, sai dai asalinsu ɗaya: yadda kenel, zuciyar Linux, yake raɗa wa na'urori suna.

Mu fara da wadda ta fi damun ka. ttyUSB0 ba sunan mitarka ba ne. Lambar layi ce, irin wadda ake miƙa wa wanda ya riga zuwa. Idan kwamfuta ta tashi, duk na'urar da direbanta ya fara kammala gane ta ita ke ɗaukar 0, mai bi mata ta ɗauki 1, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido ba. Akwai ma wata hanya da hakan ke faruwa ba tare da an kashe komai ba: igiya ta ɗan motsa ta katse alhali manhajarka na riƙe da ttyUSB0 a buɗe. Kenel ba zai saki lambar ba sai an rufe ta, don haka na'urar ta dawo a matsayin wata lamba. Haka sunayen sda da sdb suke wa faifan ajiya, shi ya sa a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifai, ake rubuta UUID, lambar shaida da ba ta sauyawa.

Maganin yana cikin kwamfutarka tuntuni. Leƙa /dev/serial/by-id. Shirin udev, mai kula da sunayen na'urori a /dev, wanda Greg Kroah-Hartman ya fara a 2003, yana ajiye wasu sunaye a can da ya harhaɗa daga sunan kamfani, samfuri da lambar siriyal ɗin na'ura. Sa wannan dogon sunan a manhajarka, ka huta.

Amma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don haka ka kula. Igiyoyi masu araha galibi cif ɗin CH340 ne a cikinsu, wanda lsusb, umarnin da ke jera na'urorin USB, ke nunawa da 1a86:7523, kuma ba shi da lambar siriyal. In duka biyun naka irinsa ne, suna ɗaya za su nema a by-id, ka ga guda ɗaya tak a foldar, yana nuna wannan yau, wancan gobe. To sai ka koma /dev/serial/by-path, inda sunan ke bin ramin USB ɗin da ka soka igiyar. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ka sauya musu rami. Ni nakan manna 'yar takarda a jikin kowace igiya da raminta. In kuma da hali, igiya mai cif ɗin FTDI ta fi kwanciyar hankali, don tana zuwa da lambarta.

Kada ka ɓata lokaci wajen tilasta wa mitar zama ttyUSB0 har abada. udev ba ya sauya sunan da kenel ya bayar a /dev, ƙarin suna kawai yake yi. Rubuta dokar da ke gane mitar a /etc/udev/rules.d mai ɗauke da SYMLINK+="mita", ka samu /dev/mita. An taɓa gwada kokawa da kenel a kan eth0 da eth1 na katin sadarwa, aka sha wuya, domin kana ƙoƙarin mayar da kati eth0, kenel ya riga ya ba wani. Daga sigar 197 ta systemd, shirin da ke tayar da ayyukan Linux, a 2013 aka koma sunaye irin enp3s0, masu bin mazaunin katin. Mutane sun yi ta ƙorafin muninsu, ni kuwa ina ganin an yi daidai.

Saƙon da ka gani a dmesg kuwa nasa daban ne. Tun Linux 2.6, kowace na'ura da kenel ya sani tana da folda a /sys, kuma abu biyu ba sa zama da suna ɗaya a folda ɗaya. Idan direba ya zo yin rajistar na biyu da sunan da aka riga aka ɗauka, kenel ya mayar masa da kuskuren EEXIST, lamba 17, na'urar ta biyu kuma ba za ta bayyana ba sam. A ƙananan kwamfutoci irin taka akan ga haka a /sys/bus/platform/devices. Na'urorin da aka bayyana wa kenel tun farko suna ɗauke da adireshinsu a suna, kamar fe201000.serial a Pi 4, don haka ba sa karo. Na'urar da direba ya ƙirƙira da hannu ita ce abin tsoro: in ya sa PLATFORM_DEVID_NONE, suna ne tsurarsa ba lamba, kuma sau ɗaya kawai zai yiwu. Ko kuma an sauke direban bai share rajistarsa ba, aka sake loda shi.

Karanta layin saƙon da layukan da ke ƙasansa, za ka ga cikakken sunan da aka yi karo a kansa da direban da ya jawo. In sake lodawa ce, kashe kwamfutar ka kunna zai kawar da shi na ɗan lokaci. In kuwa direban na rajistar na'ura biyu da suna ɗaya ne, gyaran a cikin rubutunsa yake: a ba kowace lambarta, ko a sa PLATFORM_DEVID_AUTO kenel ya raba musu da kansa. Kwafi saƙon gaba ɗayansa ka aika wa wanda ya rubuta direban, tare da sigar kenel ɗin da umarnin uname -r ya nuna maka.