Me Ya Sa Nake Tangaɗi Idan Na Rufe Ido A Tsaye?

TAMBAYA: Malam, shekarata 43, lafiyata ƙalau. Amma duk sanda nake wanka na runtse ido saboda sabulu, na ɗaga ƙafa ɗaya zan cuɗa, sai in ji ina tangaɗi har sai na dafa bango. Ko wani ciwo ne ke shirin kama ni? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Kafin in zauna rubuta miki amsa sai da na gwada da kaina. Da ido buɗe, na ƙirga har 30 a kan ƙafa ɗaya. Da na rufe ido kuwa, ko 10 ban kai ba na dire ɗayar.

Mutum ba ya taɓa tsayawa cak, ko da ya ga kamar ya tsaya. Tsakiyar nauyin jiki tana wajen ƙugu, ƙasa kaɗan da cibiya, kuma nauyin yana sauka ne ɗan gaba da idon sawu. Ke nan kullum jiki rinjaya gaba yake yi, tsokar sharaɓa na janyo shi baya, tamkar mai riƙe doguwar sanda a tsaye bisa tafin hannu. Idan rinjayar ƙarama ce, idon sawu ya isa ya gyara. Ta yi yawa, ƙugu ya lanƙwasa. Ta wuce nan, sai ƙafa ta yi taku ba tare da an nemi izininki ba.

Majiyoyi uku ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, musamman ɓangarenta da ke wajen ƙeya. Akwai ido. Akwai jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi, masu jin inda nauyi ya karkata. Sai can cikin kunne, wanda ni shi ya fi ba ni mamaki: bututu uku ne masu lanƙwasa cike da ruwa, suna gane juyawar kai, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi da ke nuna ina ne ƙasa.

To ki duba abin da kike yi a banɗaki. Kin sallami ido, kin rage wurin tsayuwa zuwa tafin ƙafa guda, kin sunkuyar da kai, ga kuma santsi. Ai ma jikinki ya yi ƙoƙari.

Inda zan damu shi ne idan ƙafafunki biyu na ƙasa a haɗe, kika rufe ido, sai faɗuwa ta zo. Wannan ne gwajin da likitoci ke kira da sunan Moritz Romberg, likitan Jamus na ƙarni na 19. Ciwon suga da ƙarancin bitamin B12 duk suna iya kashe jin tafin ƙafa. Idan haka ta faru, ko akwai jiri, ko ƙafa na yin dindiris, ki ga likita.

In ba haka ba, ki fara ɗauraye fuska, ki buɗe ido, sannan ki koma kan ƙafa.