Tambaya da Amsa: Hoton Jirage a Adakar Kaka

TAMBAYA: Malam, kakanmu ya je Makka a ƙasa ta Sudan. Bayan rasuwarsa na tarar da wani tsohon hoto a adakarsa: jiragen ruwa masu tafiya da iska, a ɗaɗɗaure bakin gaɓa, an rubuta "Sawakin" da ajami a baya. Sama fari fat, sauran kuma ya yi ja-ja. Ƙanena ya ce a kai a sa masa kala a kwamfuta. Lalacewa ya yi?
Daga wata mai karatu, Gwammaja, Kano.

AMSA: Allah ya jiƙan Alhaji. Malama, ki ce wa ƙanen nan naki ya yi haƙuri. Sawakin tsohuwar tasha ce a bakin Bahar Maliya, inda a dā alhazanmu na ƙasa ke hawa jirgi su tsallaka Jidda.

Farin saman ba aibi ba ne. Fim ɗin dā shuɗin haske yana fin ƙarfinsa, sai sama ta fito wankakkiya, ko gajimare babu. Jan kuma ko tsufa ne, ko kuwa da gangan aka tsoma takardar a ruwan magani mai farar wuta don ta daɗe.

Ki kai shi bakin taga da hantsi, kar ki kunna fitila. Ki fara da duban inuwar da ke cikin hoton. In ta miƙe zoƙai-zoƙai, da safe aka ɗauka ko la'asar sakaliya. In ta maƙale ƙarƙashin jirgi, rana tsaka ce. Sai ki dubi ruwan. Sandunan jiragen sun fito a ciki a miƙe, ko sun karkace kamar an kaɗa ƙwarya? Nan za ki gane ko iska ta taso ranar.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne nesa. Kin taɓa hawa Dala da sanyin safiya lokacin hunturu? Soraye na kusa baƙi ƙirin, na gaba toka-toka, Goron Dutse kuwa da ƙyar ake hango shi cikin hazo. Haka jiragen za su jeru: na gaba da duhu, na can baya kamar za su narke. Kwamfuta tana iya zuba shuɗi ɗaya tun daga gaba har baya, ta dusashe wannan.

Kar a manne shi da leda mai zafi irin ta katin shaida, kar kuma a rataye shi inda rana ke bugu. A ɗauki kwafi da waya a bai wa ƙanenki ya yi kalarsa a kai, na asalin ki sa shi cikin ambulan ki mayar adaka.