Kafin ku sa diga a gidan Baba

Assalamu alaikum. Malam, tun daren jiya na ga tambayarka. Ka ce mahaifinku ya rasu, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya bar muku gida a Sakkwato wajen Ƙofar Atiku mai kusan ƙafa 100 da 100, gaba ginin ƙasa, baya bulo. Ku bakwai ne, maza huɗu mata uku, Hajiya kuma tana ciki. Wasu na son a gyara, wasu na son a rushe a yanka kowa ya kama nasa. Mu ma mun taɓa tsayawa a daidai nan, kuma rushewa muka yi, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Namu gidan a Rijiyar Ɗorowa yake. A 2022 muka zauna muka yi lissafi da farashin kaya na lokacin, muka ga kowa zai iya tada ɗaki biyu da falo cikin shekara guda. Kwana tara aka yi ana rushewa. Sai ga cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tifar yashi ta tashi, rodi ya tashi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali kamfanin siminti na nan Kalambaina kusa da mu. Nawa ginin a linta ya tsaya, ya ci damina biyu ba rufi. Ƙanena ya sayar da nasa. Na yayarmu har yau fili ne, yara na zuba shara a ciki.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Haya muka kama mata a Mabera, muka ce na wata shida ne, sai da ta shekara uku. Duk Juma'a takan sa a kai ta tsohuwar unguwa ta gaida maƙwabtan da suka yi shekara arba'in tare. Wata rana na je ɗaukarta na iske ta zaune kan kututturen dogon yaron da muka sare, ta shimfiɗa ɗankwali a kai, ta zuba wa inda ɗakinta yake a da ido. Ba ta taɓa ce mana kun yi kuskure ba. Don Allah, kafin komai, ku zauna da Hajiya ku kaɗai, ban da surukai, ku ji ta bakinta. Tana da tumunin gidan nan a shari'a, wato kashi ɗaya cikin takwas, ba alfarma kuke yi mata ba.

Sai lissafin yankan, wanda na lura masu cewa a rushe ba su cika yi ba. Filinku murabba'in ƙafa 10,000 ne. Idan fuska ɗaya ce ke kallon titi, dole a fitar da lungu don na baya su sami ƙofa, kuma lungu mai faɗin ƙafa 10 ya cinye 1,000 ke nan. Idan babu wasu magada, a cire tumunin Hajiya daga 9,000, a raba saura kashi 11, tunda namiji rabon mata biyu gare shi. Kowace mace za ta tashi da abin da bai wuce ƙafa 20 da 36 ba. A cikinsa za ta fitar da ɗaki, da kicin, da bayi, da ramin sokawe, da ɗan tsakar gidan da za ta shimfiɗa tabarma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Ba ya yiwuwa. Ƙarshenta ta sayar da araha, domin mai saye ya san ba ta da yadda za ta yi da shi. Yawanci mata ne yanka ke cuta, sun kuma fi kowa yin shiru a wurin taron rabo.

Game da gyara, kada ku yanke wa gidan hukunci da fenti ko yaɓen da ya zube. Bayan namu ya wuce, surukina ya nemi in raka shi duba nasu a Gidaɗawa, muka ɗauki wani tsohon magini. Bai ko ɗaga kai ya dubi bango ba da farko. Ya durƙusa ya tona gindin katanga da wuƙa, ya murza ƙasar a tafin hannu, ya shinshina. Sannan ya hau turmi ya riƙa soka wuƙar a kan azara ɗaya bayan ɗaya, daidai inda suka shiga bango. Biyu ta nutse a cikinsu, gara ta gama da su, sauran kuwa ko gezau. Ya sauko ya ce, "Wanga soro lahiya lau shi kai. Indararo na anka bari ya toshe, ruwa ya koma ciki. Ku canza azara biyu, ku bar shi." Ɗakunan bulo na baya su ya ce a rushe, saboda fandishonsu bai yi zurfi ba, tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta yi gicciye har ƙasa, yatsa na shiga. Wato abin da kowa ya ɗauka shi ne mai ƙarfi, shi ne mataccen.

Abu ɗaya da ya ja mana kunne a kai, kuma na ga gaskiyarsa a gidaje da yawa: kada a lulluɓe bangon ƙasa da filastar siminti kai tsaye. Danshi na maƙalewa a ciki, bayan damina biyu uku filastar ta kumbura ta faɗo da naman bangon. A yi yaɓe irin na da, a yi wa gindin katanga dakali mai gangara da zai kore ruwa. Shi kuwa sanyin soro mai kaurin bango, ba fankar da za ta ba ka shi a ɗakin kwano idan an ɗauke wuta.

Akwai inda ni ma zan ce a rushe ba tare da jinkiri ba. Idan an yi ta ɗaga titi har gidan ya koma rami, ruwan unguwa na kwarara ciki duk damina, to gyara zuba kuɗi ne a rijiya. Haka idan gindin bango ya ruɓe zagaye. Don haka ku kawo magini na ƙasa, ku kuma kawo injiniya ya duba ɓangaren bulo, kowa a biya shi kuɗin dubawa kawai. Wanda ke sa ran kwangilar sabon gini ba shi za a tambaya ko a rushe ba.

Takardu kuma. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, saboda haka idan gidan na da satifiket guda, ba ku ne za ku ja igiya ku ce ya zama bakwai ba. Sai an bi ta ma'aikatar filaye, sabon gini kuma sai da amincewar hukumar tsara birane. Idan takardar gargajiya ce kawai, ku fara da rabon gado a rubuce a gaban alƙali, da shaidu, da sanin mai unguwa. Ku kuma tambayi malami batun shuf'a: matuƙar ba a raba gida ba, idan ɗayanku ya sayar da kasonsa ga bare, abokan tarayya na da haƙƙin karɓa a kan farashin da aka saya. Mu sai da muka yanka sannan ƙanena ya sayar, aka wayi gari baƙo ne a tsakiyarmu, ba mu da ta cewa.

Da ni ne ku, ga abin da zan yi. A sa wa gidan ƙima da bakin mutum biyu ko uku da suka san kasuwar unguwar, kowa ya san kasonsa a naira. Mai buƙatar kuɗinsa, sauran su saye shi, ko da biya kaɗan-kaɗan ne, a rubuce. A gyara sashen da Hajiya ke ciki tukuna. Idan bulon baya ya mutu, shi kaɗai a sauke, kuma kada a taɓa shi sai kuɗin da zai kai sabon gini har rufi na hannu, ba alkawarin wani ba.

Ku bari Agusta ta zo. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka je gidan da kanka tun kafin ya ɗauke, ka tsaya a zaure ka ga inda ruwan tsakar gida ke bi da inda yake kwanciya, ka shafa gindin kowane bango. Ka ɗauko hotuna ka sa mana a nan, tare da faɗin fuskar da ke kallon titi, mu duba tare. Allah Ya haɗa kanku, Ya ƙara wa Hajiya lafiya.