Tambayi Likita: An ce HIV-2 nake ɗauke da ita, amma gwaji bai ga komai ba

Tambaya: Likita, ni direban tirela ne a Agege. Bara aka ce ina da HIV-2, ban fara shan magani ba. Gwajin jinin da na yi kwanan nan bai nuna ƙwayar cutar ba. Na warke ke nan?

Amsa: Malam, ba ka warke ba, ɓuya ta yi. HIV iri biyu ce. HIV-1 ita ce ta game duniya. Taka kuwa, wadda aka gano a 1986, ta fi yawa a nan Afirka ta Yamma, musamman Gini Bisau, Senegal da Gambiya. Da yawa daga masu ita, in an auna jininsu sai a ga ƙwayar 'yar kaɗan, ko a rasa ta gaba ɗaya. Amma ta riga ta shige cikin sojojin jinin nan da ake kira CD4, ta manne a cikinsu, tana hayayyafa sannu a hankali. Kamar gara ce a azara: ka duba ka ga ɗaki lafiya lau, alhali ciki ana ta ci. Mutum kan yi shekaru garau, daga baya sojojin su ragu, ta koma kanjamau sosai.

Akwai kuma wani abu da nake yawan gani. Gwajin da aka saba ƙirga ƙwayar HIV-1 da shi ba lallai ya ga HIV-2 ba. Ka koma da takardar, ka tambayi wane gwaji aka yi maka, a duba CD4 ɗinka, a ɗora ka a kan magani. Kada ka jira sai adadin CD4 ɗin ya sauka ƙasa da 200.

Tambaya: Maigidana yana da HIV-2. Wansa mai HIV-1 ya ba shi ragowar kwalbar maganinsa. Ya sha? Daga wata baiwar Allah a Mile 12.

Amsa: Hajiya, kada ya sha. Efavirenz da nevirapine, da aka daɗe ana bai wa masu HIV-1, ba sa taɓa HIV-2 ko kaɗan. Haɗin da ake bayarwa yanzu, TLD, mai ɗauke da dolutegravir, yana aiki a kanta, ƙwaya ɗaya kullum, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ki raka shi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da ke Idi-Araba ko babban asibitin da ya fi kusa da ku. Ke ma a gwada ki. Shi kuma wan nasa, ya aka yi magani ya yi masa saura?

Tambaya: Ina da cikin wata huɗu, ina da HIV-2. Jaririna zai ɗauka?

Amsa: Ba ta cika wucewa daga uwa zuwa ɗa kamar HIV-1 ba, amma tana wucewa. Ki fara magani yanzu, ki riƙe awo, ki haihu a asibiti domin a bai wa jaririn nasa maganin da zarar ya faɗo. Allah ya sauke ki lafiya.