Wa ya gina Fadar Balbela ta Japan?

Tambaya: Malam, na ga hoton wata farar fada a Japan, wai Himeji. Ta wane gidan sarauta ce?

Amsa: 'Yar'uwa, ba gida ɗaya ya riƙe ta ba. Ginin da kika gani aikin Ikeda Terumasa ne, mijin 'yar Tokugawa Ieyasu, shugaban soja mai mulkin Japan a lokacin. Ikeda aka ba garin bayan yaƙin Sekigahara na 1600. Ya kammala a 1609. Gidan Sakai ne na ƙarshe, daga 1749 har 1871.

Farar ƙasa aka shafe bangon da ita saboda gobara, shi ya sa ake ce mata Balbela. Ni dai hanyoyinta ne suka burge ni: maƙiyi ya yi ta kewaye, ana harbinsa ta 'yan ramukan bango.