Amsa: Gwajin magani a tantanin ƙwan kaza

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ana gwada maganin kansa, wato ciwon daji, a cikin ƙwan kaza, kuma ko hakan zai sa a daina amfani da ɓeraye. Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa, da sauran rina a kaba.

Ba gwaiduwa ake amfani da ita ba. Wani siririn tantani ne da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ɓawo, cike da hanyoyin jini, wanda ɗan tsako ke samun iska ta cikinsa. Ƙwai kan ƙyanƙyashe a kwana 21. Wajen kwana na 3 sai a zuƙe ɗan farin ƙwan da sirinji, a yanka 'yar taga a ɓawon, a liƙe ta, a mayar da ƙwan injin ɗumi. Wajen kwana na 9 a ɗora ƙwayoyin kansar mutum a kan tantanin. Garkuwar jikin tsakon ba ta ƙosa ba tukuna, shi ya sa ba ta korar baƙon. Cikin 'yan kwanaki za ka leƙa ta tagar ka ga hanyoyin jini sun yo ca a kan ƙarin da ƙwayoyin suka zama, kamar saiwoyi. Sai a ɗiga magani, a duba ko sun ragu. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1911 wasu masana kimiyya, Rous da Murphy, suka shuka ƙari a ƙwai a Amurka.

Ga arha, ga sauri. Amma kwanakin gwajin kaɗan ne, ba ka ganin illar da magani ke yi bayan watanni, kuma hantar tsuntsu ba ta sarrafa magani kamar ta mutum. A ganina rariya ce kawai: a tace magunguna da yawa, waɗanda suka tsallake su wuce wajen ɓeraye.