Tambaya da Amsa: Waƙoƙin da Ba Su Yarda da Shugaba Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya turo mini kundin waƙoƙin wani mawaƙi mai zaman kansa, wanda ba ya ƙarƙashin kowane kamfani. Waƙa ɗaya sai ta fara da kiɗan pop mai daɗi, can tsakiya ta rikiɗe ta koma ƙara mai cika kunne, sannan ta ƙare da jita ita kaɗai. An ce mini baitocin na akidar anakizim ne, wato ƙin shugabanci. Shin wannan kira ne zuwa ga tarzoma? Kuma me ya hana kiɗan tsayawa a salo ɗaya? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kalmar anakizim daga Girkanci ta fito, kuma ma'anarta ta asali ita ce rashin mai mulki. A bakin jama'a ta koma tana nufin hargitsi, amma masu akidar ba haka suke fassara ta ba. Abin da suke cewa shi ne mutane za su iya tafiyar da al'amuransu ta hanyar shawara da taimakon juna, ba tare da wani ya zauna a sama yana ba da umarni ba. Bafaranshen nan Pierre-Joseph Proudhon ne ya fara kiran kansa da wannan suna a 1840, daga baya kuma Peter Kropotkin, ɗan Rasha, ya gina hujjarsa a kan cewa haɗin kai ne ke raya al'umma fiye da gasa. An ma gwada abin a aikace a Sifen a 1936, lokacin da ma'aikatan Basalona suka karɓi masana'antu da jiragen taragon cikin gari suka gudanar da kansu. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, mummunan sunan yana da dalili, domin masu da'awar akidar ne suka kashe shugaban Faransa Sadi Carnot a 1894 da shugaban Amurka William McKinley a 1901. Saboda haka sunan akidar kaɗai bai isa ki yanke wa mawaƙin hukunci ba, sai kin karanta baitocin kin ga ko zalunci suke suka ko jini suke nema. Da yawa daga mawaƙan wannan layi a yau abin da ke bakinsu bai wuce yaƙi da tsadar haya da cin zarafin ma'aikata da yadda maƙwabta za su rufa wa juna asiri ba.

Tambayarki ta biyu ce ta fi jan hankalina, domin a irin wannan kundi siyasar tana cikin kiɗan kansa. Kasuwar waƙa ta duniya tana hannun manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, kuma su da manhajojin sauraro suna son kowace waƙa ta shiga rukuni guda da aka sani, don a san wa za a tallata wa. Mawaƙin da bai yarda wani ya tsara masa rayuwa ba, da wuya ya yarda kasuwa ta tsara masa kiɗa. Shi ya sa yake gwama abubuwan da aka saba raba su, kuma yau yin hakan ba ya buƙatar sutudiyo mai tsada. Da kwamfuta ɗaya da makirufo da manhaja irin su FL Studio ko Ableton Live, mutum zai ɗauki muryarsa ya ƙara mata sauri har ta sirance kamar ta yaro, ya matse sautin ganga har ya tsage, ya yanko guntun jawabin zanga-zanga ya ɗora a kan fiyano mai taushi. Amshin pop mai zaƙi da kika ji a farko kuwa da gangan aka sa shi, don ki riƙa rera shi kafin ki lura da nauyin maganar da ke ciki.

Wannan hanya tana da magabata. Ƙungiyar mawaƙan anakizim ta Crass a Ingila, wadda aka kafa a 1977, ta buɗe nata kamfanin faifai, tana kuma buga iyakar farashi a jikin kwalin don kada mai shago ya tsawwala wa masu saye. Ita kuwa Chumbawamba, da ta fara a 1982 da pank, wato kiɗan jita mai sauri da zafi, ta karkata zuwa pop da waƙoƙin gargajiya, kuma da ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin EMI a 1997 tsofaffin masoyanta da yawa suka ce ta ci amana. Har yau muhawarar ba ta mutu ba: ko a shiga babbar kasuwa saƙo ya kai nesa, ko a tsaya a gefe da 'yanci da ƙarancin masu sauraro. Shi ya sa za ki tarar da mawaƙan wannan layi da yawa a Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, inda mawaƙi ke sa farashinsa da kansa, ko ya bar wa mai saye ya biya abin da ya ga dama, musamman tun da manhajar sauraro ta Spotify ta daina biyan kuɗi a 2024 kan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 a shekara ba.

A ganina, ba kowane gwame ne gwaninta ba, kuma na sha jin waƙoƙin da ƙarar cikinsu ba ta da wani aiki sai rufe raunin rubutu. Ki sa abin sauraro a kunne, ki bi kundin daga farko har ƙarshe da baitocin a gabanki, ki lura da wurin da kiɗan ya juya. Idan ƙarar ta faɗo daidai inda baitin ya ambaci kora daga aiki ko harbin masu zanga-zanga, jitar kuma ta dawo inda ake maganar wanda ya ciyar da maƙwabcinsa, to mawaƙin ya san abin da yake yi, ko da ke ba ki yarda da akidarsa ba.